Saƙon godiya: muryar Baba ta dawo

Alhamdulillahi. Jiya bayan isha'i kwamfutar gidanmu ta tashi lafiya, ni kuma na yi barcin da rabona da irinsa kwana shida. Cutar kwamfuta ce ta shige ta ta kulle mini fayiloli, ɓarayin da suka turo ta suka bar takarda suna neman kuɗin fansa. Waɗanda suka bi maganar tun ranar da na sa hoton takardar, ba sai na maimaita muku ba. Kun ga yadda kowane fayil ya wayi gari da wata wutsiya mai baƙaƙe huɗu a bayan sunansa ya ƙi buɗuwa, kun ga kuɗin da suka yanka, kusan dala dubu, wai za su rage rabi in an biya cikin awa 72. Ko sisi ba su gani ba.

Mu mutanen wannan yanki "kuɗin fansa" ba baƙuwar kalma ba ce a kunnenmu, har nauyi nake ji in kira tawa jarrabawa alhali akwai waɗanda mutum aka ɗauke musu. Allah ya kuɓutar da duk wanda ke hannu, ya maido shi cikin iyalinsa lafiya. Ni fayiloli aka kama mini. Sai dai a cikinsu akwai muryar Baba.

Shekarar da zai rasu na riƙa zama da shi bayan magariba ina naɗar hirarsa da waya. Labarin kamun kifi ne yawanci: yadda ake riƙe homa, yadda mutum ke kwanciya a kan gora ya bi ruwa, shigarsa kogin Matan Fada ta farko, da abin da ya ji a bakin mahaifinsa na zuwan Sarkin Musulmi Hassan garin Argungu a 1934. Wayar da na naɗa da ita ta daɗe da mutuwa. Abin da ya rage a duniya na muryarsa yana cikin kwamfutar nan, sai kuma wani faifan ajiya da bai fi tafin hannu ba.

Wanda ya kawo faifan gidana ya roƙe ni kada in ambace shi. To ban faɗi sunan yanka ba, amma duk wanda ya zauna ajina ya san wanda muke kira Injiniya tun yana aji uku. Shekara biyu ke nan ya zo gaisuwar sallah, ya ga ina kwafe takardu a filash ɗaya da nake yawo da shi a aljihu, ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai ajiyar kura ce." Da ya sake zuwa sai ga shi da faifai mai terabait 1, da kuɗinsa. Ya kunna mini File History na cikin Windows, wanda ke kwafe takardu da hotuna duk awa muddin faifan na jone. Ya kuma sa Macrium Reflect, wadda ke ɗauke cikin kwamfutar kaf, da Windows ɗin da manhajoji da komai, ta dunƙule a fayil guda. Ya yi wani filash na daban ya rubuta "na ceto" a jikinsa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: a jona faifan ranar Juma'a, in ya gama a cire, a kai shi wani ɗaki. Ya ce cutar da ta shiga kwamfuta ba ta barin duk abin da ta tarar a jone.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: ban kiyaye ba. Sau da yawa nakan jona in manta da shi har wata Juma'ar.

Shi ya sa safiyar da abin ya faru, bayan na karanta takardar, ban iya tashi daga kujera ba. Na tuna na jona shi, ban tuna na cire ba. Na zura hannu bayan kwamfutar ina lalube cikin ƙura, yatsana ya taɓa wayar faifan, tana nan a soke. Wallahi ji na yi kamar ranar aka yi mini rasuwar. Na fara jawo wayar a hankali, irin jan da masunci ke yi wa ƙugiyar da ya san ba alheri a bakinta, sai na ji ta zo sakayau. Babu komai a ɗaya bakin.

Uwargida tana tsaye bakin ƙofa da tsintsiya. Ta ce, "Malam, mi kake nema?" Na kasa magana, na ɗaga mata wayar. Ta ce, "Au, abin Injiniya? Ai tun ran Asabar ɗin waccan na ɗauke, na ga ƙura na cinye shi." Ta shiga ɗakinta, ta buɗe babbar kwallar da ke saman kabad, ta ɗaga zannuwa biyu, ga shi naɗe cikin ɗankwali. Ashe ba ranar ta fara ba. Duk sanda na manta, ita ke cirewa in ta zo shara, ta maido shi kan tebur ranar Juma'a, ni ina ganin ni ne mai tsari.

Al'adarmu ba ta saba miji ya fito fili ya yabi matarsa ba, na sani, kuma na san wasu abokaina za su yi ta tsokanata a majalisa. Su yi. Allah ya saka miki da Aljanna, ya jiƙan mahaifanki, ya sa 'ya'yanki su yi miki abin da ya fi haka. Ita ce kuma ta hana ni ɓarna ta biyu. Injiniya ya ce ta waya kada a kuskura a jona faifan sai ya zo, aiki kuma ya riƙe shi a Birnin Kebbi har ƙarshen mako. Dare na uku na kasa haƙuri, na ce ta ba ni in duba minti ɗaya kawai in ga ko muryar na nan. Ta ce makullin ɗakin ya ɓata. Bai ɓata ba.

Masu turo mini manhajar buɗe fayil ta kyauta, na gode ƙwarai. Mun gwada. Injiniya ya ce takan yi aiki ne in cutar ta kasa samun intanet ta yi amfani da makullin da ta zo da shi. Tawa kuwa ta samu intanet, an yanka mata makulli nata na kanta, yana hannun ɓarayin. Da ya iso bai bar tsohon Windows ɗin ya ko tashi ba. Da filash ɗin ceto ya kunna, ya share faifan cikin kwamfutar tas, sannan ya karɓi na kwalla ya fara maido da komai daga cikinsa. Ana kashi 60 cikin 100 aka ɗauke wuta. Maƙwabcina Alhaji, wanda ko gaisuwa ba mu cika tsawaitawa ba, da ya ji salatina ta katanga sai ga yaronsa yana miƙo waya daga solarsu. Aka sake daga farko. Alhaji, Allah ya haskaka kabarin iyayenka kamar yadda ka haskaka mana daren nan.

Da tebur ɗin Windows ya bayyana da hoton da na saba gani, ban buɗe komai ba sai foldar Baba. Na aika aka kira Inna. Ta zauna bakin gado, na danna na farko. Aka ji tarinsa tukuna, sannan ya ce, "To, kunna abin naka." Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, jiya ma ba ta kira ba. Cewa ta yi, "Shi ne." Muka zauna har ya gama labarin gorar da ta fashe da shi tsakiyar ruwa, ta yi dariya a daidai inda ta saba yi.

Injiniya ya ƙi karɓar ko kuɗin mota. Sai da ya tsaya na canza kalmomin sirrina duka, don irin wannan cuta takan zo da ɓarawon kalmar sirri a bayanta, ya kuma tura muryoyin Google Drive. A nan muka tarar gigabait 15 ɗin kyauta ajiyar WhatsApp ta cinye shi, sai da muka share tarkace. Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya ba ka masu yi maka biyayya, ya sa ka gama da iyayenka lafiya. Malaman makarantarmu da suka zauna da ni muka sake shigar da makin ɗalibai daga takarda, Allah ya bar zumunci. Autana kuma, wanda ya sauko da wasan kwamfuta na sata da ya jawo mana wannan, na yafe masa. Don Allah a daina kiransa "mai bairos" a unguwa, yaron ko abinci bai ci sosai ba kwanakin nan.

Abin da ya tafi shi ne duk abin da aka sa bayan Asabar ɗin da aka cire faifan. Mafi ciwo hotunan bikin ɗiyar Yaya, da na kwashe daga kyamara na share katin. Na san akwai su a wayoyin 'yan uwa na Abuja da Kaduna. Na rubuta a zauren gidanmu na WhatsApp tun ranar farko, na ga alamar an karanta, har da wanda aikinsa ke nan na kwamfuta, na kira sau uku. Wataƙila hidima ce ta yi yawa, Allah ya sa lafiya. Baba dai namu ne duka, muryar na nan ga mai so. In an samu sarari a turo hotunan, Inna na tambaya.