Fankokin da nake kashewa da dare

Sai da na yi wata uku ina aiki a gidan shuka na leda, girinhaus dai, kafin na gane fitar da iska daban, juya ta daban. Ni a ganina tunda ga manyan fankoki a bango suna zuƙe zafi suna fitarwa waje ai shikenan, waɗannan ƙananan da aka rataya a sama kuwa na ɗauka shan wuta kawai suke, don haka da dare sai in kashe su abina tunda gari ya yi sanyi.

Ba a jima ba funfuna ta ɓullo a tumatirin can ƙurya, toka-toka kamar gashi a jikin kara, botiritis kenan. Oga ko faɗa bai yi ba. Da asuba ya ce biyo ni, taɓa ganyen nan. Na taɓa, sharkaf, alhali ba wanda ya ba da ruwa. Ashe da dare ganye kan fi iskar ɗakin sanyi, in laima ta haura kashi 90 kuma iska na tsaye cak sai raɓa ta kwanta a kai, ita kuwa funfuna dama abin da take jira kenan.

Da rana ma haka ne. Akwai 'yar iska da ke manne a jikin kowane ganye, in ba a kaɗa ta ba sai ganyen ya shanye kabon dayokzaid ɗin cikinta, wanda da shi yake haɗa abincinsa, ya zauna da yunwa. A iskar waje ma kabon dayokzaid ɗin kusan kashi 420 ne kacal cikin miliyan, balle ɗaki a rufe cike da shuka.

Kuma ba guguwa ake so ba fa, rabin mita a sakan ya isa, ganye ya ɗan motsa kawai. Layi ɗaya na ƙananan fankokin na tura iska gaba, ɗayan na dawo da ita, tana zagaye.

Yanzu zare nake ɗaurawa a sanda ina bin lungu-lungu da shi. A ƙuryar nan zaren ko motsi bai yi ba duk da na kunna komai, da na ɗaga kai sai ga fanka ɗaya an rataye ta a juye, tana ta dambe da 'yar uwarta.