Ba Najeriya kawai ka shiga ba, wata jiha ka shiga

A tashar motar Garwa ko ta Kusiri, in ka tambayi mutum ina ya nufa sai ya ce maka Najeriya, ya tsaya nan. To Najeriyar wace? Jihohi 36 ne da Abuja, kowace da gwamnanta, da majalisarta, da hukumar karɓar harajinta. Wanda ya tsallaka gadar Fotokol da wanda ya bi ta Sahuda ya gangara Mubi ƙasa ɗaya suka shiga, amma ba hannun mai iko ɗaya suka faɗa ba.

Abin da ke rikita mu, mu 'yan Kamaru da Cadi, shi ne muna auna jihohin Najeriya da mudun gida. A Kamaru shugaban ƙasa ne ke naɗa gwamnonin yankuna goma daga Yawunde, ya sauke wanda ya ga dama ranar da ya ga dama, haka ma prefe, wato kantoman da ke ƙarƙashin gwamna. Gwamnonin lardunan Cadi su ma naɗi ne. Kamaru ta ɗan ɗanɗana tsarin tarayya daga 1961 zuwa 1972, amma yawancin masu fatauci yanzu ba a haife su ba a lokacin. A Najeriya kuwa gwamna zaɓensa ake yi, shekara huɗu, in ya yi sau biyu ya gama. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha duka a hannunsa, shi ke sa hannu a takardar mallakar fili. Shi ke ba sarki sanda, shi ke iya karɓe ta: Kano ta raba masarautarta gida biyar a 2019, ta tuɓe sarki a 2020, sannan wata gwamnati ta zo a 2024 ta warware duka.

Ga mai ɗaukar kaya, abin da zai fara koya shi ne bambance waye na tarayya, waye na jiha. Kwastan, waɗanda mu muke kira duwan, da jami'an shige da fice, da soja, da 'yan sanda, da masu kiyaye haɗurra, duk na Abuja ne. Takardar da kwastan suka ba ka a Gamboru tana aiki har Legas. Amma kuɗin kasuwa, da harajin dabbobi da na amfanin gona, da tikitin tasha, na jiha ne ko na ƙaramar hukuma, kuma ƙananan hukumomin nan 774 ne. A nan ake faɗawa rami. Daga Maiduguri zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, ta Damaturu, Potiskum, Azare da Wudil, wato jiha biyar ke nan: Borno, Yobe, Bauchi, Jigawa, Kano. Rasit ɗin da aka yanka maka a ta farko sau da yawa mai sanda a shingen ta uku zai juya shi ya ce bai san da shi ba. Kafin ka biya, duba kan takardar ka ga sunan wa ke kai, na tarayya ko na jiha ko na ƙaramar hukuma, ka kuma sa kuɗin shingaye cikin lissafin kowane buhu tun kafin ka yi ciniki da mai kaya. Jihohin nan biyar kuma duk suna cikin goma sha biyun da suka ɗauki shari'ar Musulunci bayan Zamfara ta fara a 1999. Adamawa da Taraba ba sa ciki. Kayan da za su wuce Jimeta ba mai ɗaga kai, irin su giya, a Kano 'yan Hisba ne za su sauke su.

Lambar mota ma tana magana. Mu haruffa biyun farko ke nuna yanki, NO Arewa, EN Arewa Mai Nisa, AD Adamawa. Su sunan jiha a rubuce yake a sama, haruffa ukun farko kuma ƙaramar hukuma ce: MAG Maiduguri, MUB Mubi, YLA Yola, JAL Jalingo.

Wani abin da ke ɗaure wa yara kai shi ne tsoffin takardun iyayensu. Za ka ga katin makaranta ko takardar haihuwa an rubuta Jihar Gongola, a nemi Gongola a taswira a rasa. Gowon ne ya fasa manyan yankuna ya yi jihohi 12 a 1967, duk gabashin Arewa ya zama Jihar Arewa maso Gabas da hedkwata a Maiduguri. Murtala ya raba ta uku a 1976: Borno, Bauchi, Gongola. A 1991 Babangida ya tsaga Gongola ta zama Adamawa da Taraba, ya ciro Yobe daga Borno. Abacha ya cire Gombe daga Bauchi a 1996. Saboda haka mai neman wata tsohuwar takarda ya bi garin da aka yi ta, ya ga wace jiha garin ya faɗa yau.

Borno ita kaɗai ce ke taɓa ƙasashe uku, Nijar da Cadi da Kamaru, kuma tana da ƙananan hukumomi 27. Ƙofofinmu biyu ne manya: Fotokol zuwa Gamboru Ngala a kan kogin El Beid, wadda ita ce hanyar Injamena, sai Amcide zuwa Banki wadda ke fita Bama, hanyar mutanen Mora da Marwa. Tsakanin Ngala da Dikwa ƙasar baƙin laka ce da Barebari ke kira firgi, irin karal ɗinmu sak. In ruwa ya sauka ta jiƙe ta zama kamar sabulu, tirela ta nutse har gatari, in rani ya yi ta tsattsage hannu ya shige. A kanta suke dasa masakwa bayan damina, dawar da mu muke ce wa muskuwari. Duk wanda ya san yadda hanyar Maltam zuwa Fotokol take a watan Agusta ba sai an yi masa bayanin ɗaya ɓangaren ba. Tun rikicin Boko Haram na 2009 zuwa yau sojoji ke da ta cewa kan buɗe hanyoyin nan da rufe su, don haka lokacin tashi a tasha ake tambayarsa, a ranar tafiyar.

Tarihin Borno kuwa rabinsa a ƙofar gidanmu aka yi shi. Daga Kanem, gabashin tafkin Cadi, gidan sarautar Saifawa ya taso. Birnin da suka kafa, Ngazargamu, kufansa yanzu a Jihar Yobe yake. Shehu Laminu al-Kanemi ya gina Kukawa a 1814, Rabe ya rushe ta a 1893 ya zauna Dikwa, aka kashe shi a Kusiri ranar 22 ga Afrilu 1900, a yaƙin da kwamandan Faransawa Lamy shi ma ya mutu. Sunan Lamy ɗin ne Injamena ta ɗauka har 1973. Maiduguri da ake gani babba, ƙanwa ce a cikinsu, sai 1907 Turawan Ingila suka zaunar da Shehu a Yerwa. Kuma kada a ɗauka duk Borno Barebari ne. Larabawan Shuwa suna nan tun daga Ngala har Kusiri, mutanen dutse suna Gwoza, Babur da Bura suna tudun Biu.

Adamawa ce ta fi buƙatar a zauna a kanta, don guda biyu ne. Akwai yankin Adamawa namu mai hedkwata a Ngaundere, wanda aka fitar a 1983 da aka raba Arewacin Kamaru uku, akwai kuma Jihar Adamawa mai hedkwata a Yola da ƙananan hukumomi 21. Sunan mutum ɗaya suke ɗauke da shi, Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta a hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya fara zama a Gurin, bakin kogin Faro, ya kafa Yola a 1841. Ƙasarsa Fombina ta haɗa da Garwa, Marwa, Rai Buba, Ngaundere, Tibati da Banyo. Da Turawa suka zo, Ingila ta ci Yola a 1901, Jamus ta kwashe kaso mafi tsoka na ƙasar. Kai ya tafi gefe guda, gangar jiki ta tsaya wani gefen. Lamiɗo Zubairu ya yaƙi dukansu biyu, Jamusawa suka karya shi kusa da Marwa a farkon 1902.

Mubi kanta a da Kamaru ce. Ita da Madagali, Gwoza, Bama, Dikwa, Ganye da tsaunin Mambila duk ƙasar Jamus ce da aka ba Ingila riƙo bayan yaƙin duniya na farko. A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen wannan yanki suka zaɓi Najeriya, suka shige ta ranar 1 ga Yuni aka sa wa wurin Lardin Sardauna. Ahijo, shugaban Kamaru na lokacin, bai ji daɗi ba ko kaɗan, ranar makoki ya mai da ita. Shi ya sa Kapsiki na Rumsiki da Kamwe na Michika dangin juna ne, Camba suna gefe biyu na duwatsun Alantika, kuma Sukur, garin dutsen da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, kana iya hango irin gonakinsa masu matakala a wajen Mokolo.

Mai zuwa Yola ya riƙe wannan: Yola daban, Jimeta daban, ƙananan hukumominsu ma biyu ne. Fadar Lamiɗo tana cikin garin Yola. Babbar kasuwa da tashoshin mota da filin jirgi suna Jimeta. In ka ce wa mai Keke ya kai ka Yola alhali kaya za ka saya, zai kai ka inda ka ce, ka sake biyan kuɗin dawowa. Harshe ma ya juya: a kasuwar Garwa Fulatanci ke gaba Hausa na biye, a Jimeta da Mubi Hausa ta riga ta karɓe ciniki.

Taraba ta fi shafar mutanen Banyo. Hedkwatarta Jalingo, ƙananan hukumomi 16, Jukunawa da sarkinsu Aku Uka a Wukari, gonar shayi da shanu a Mambila, sai Chappal Waddi mai tsayin mita 2,419, dutse mafi tsawo a Najeriya, wanda ke kan iyaka.

Abin da ya ɗaure jihohin nan da mu ƙulli ɗaya shi ne kogin Binuwai. Daga tudun Ngaundere yake fitowa, ya bi ta Lagdo da Garwa, ya shiga Fufore da Jimeta, ya haɗu da kogin Gongola a Numan, ya wuce Ibi da Makurdi har Lokoja. An gama madatsar Lagdo a 1982. Wadda aka shirya yi a Dasin Hausa cikin Fufore don ta tare ruwan in an sako, har yau ba a gina ta ba. In Lagdo ta cika a ƙarshen damina aka buɗe ƙofofi, ruwan ya haɗu da na Faro da sauran rafuka, gonakin fadama na jihohin Adamawa da Taraba da Binuwai su ke sha, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Mai sayen shinkafa ko masara a Numan, in zai ba da kuɗin gaba a watan Satumba, ya fara tambayar inda ruwan Lagdo ya kai.