Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Waƙar da Na Kasa Fassara wa Yayata

A makon jiya na tsaya a lokacin da na kammala sakandare na fara zama a majalisar ƙofar gidanmu, kuma a nan ne kaset ɗin Eminem, mawaƙin rap na Amurka, ya shigo hannuna a shekarar 2001. Wani abokina ne ya sayo shi a Sabon Gari, kundin The Marshall Mathers LP da ya fita a watan Mayun 2000, wanda aka sayi kwafinsa sama da miliyan 1.7 a makon farko a Amurka. Saboda tattalin batir, da biro muke mayar da kaset ɗin baya, sannan muka haɗa kuɗi aka buga mana baitocin a takarda a wani shagon intanet, muna bi da ƙamus har takardar ta yi laushi.

Majalisa ta rabu biyu. Ni da mai kaset ɗin muna ganin ba a taɓa yin mai sarrafa harshe kamar wannan Baturen ɗan Detroit ba, domin ba a ƙarshen layi kaɗai yake ajiye amsa-amo ba, har a tsakiya yakan jera gaɓoɓi uku ko huɗu su dace da juna, labarin kuma bai karkace ba. Babba a cikinmu, wanda ke koyarwa a Islamiyya, ya ce gwanintar banza ce ga mutumin da ya ci mutuncin uwar da ta haife shi har ta kai shi kotu a 1999 tana neman diyyar dala miliyan 10. Mu kuwa amsarmu kullum ita ce, ba shi ke magana ba, Slim Shady ne, wato mugun mutumin da ya ƙirƙira yake waƙa da bakinsa, kamar yadda ɗan wasa ke fitowa a matsayin mugu alhali shi mutumin kirki ne. Na yi wata da watanni ina kare wannan hujja da iya ƙarfina.

A cikin damina Yayata ta yi yaji ta dawo gida da goyo a bayanta, idonta na hagu a kumbure, ba wanda ya yi mini bayani, ni ma ban tambaya ba. Wata rana bayan la'asar ina zaure na kunna waƙar "Kim", wadda ke farawa da uba yana lallashin 'yarsa, daga nan ya koma yi wa matarsa ihu, ya sa ta a mota, a ƙarshe ya kashe ta. Yaya ta fito za ta zubar da ruwan wanki, sai ta tsaya riƙe da bokiti.

"Kai, me yake ce mata haka?"

Na san kowane layi da ka, amma bakina ya ƙi buɗewa. Da ƙyar na ce, "Yaya, faɗan miji da mata ne kawai."

Ta ce, "Bar shi, ba sai ka fassara ba, na san muryar." Ta zubar da ruwan ta koma ciki.

Daga ranar hujjar ɗan wasa ta mutu a bakina, domin Kim sunan matarsa ta lokacin ne na gaskiya, uwar 'yarsa Hailie, kuma tana raye ta ji duniya na rera kisanta. Har yau ban janye maganata kan fasaharsa ba, sai dai na daina yarda cewa fasaha na wanke abin da aka faɗa da ita. Da ya nemi gafarar mahaifiyarsa a waƙar "Headlights" a 2013, mai kaset ɗin nan ya kira ni yana murna cewa mutumin ya tuba. Na ce masa na yarda da wannan tubar kuma ta taɓa mini zuciya, amma ga uwa aka yi ta, ni kuwa matar nake tambaya. Muka yi musu har katinsa ya ƙare.

Mako mai zuwa zan kawo yadda dangin mijin Yaya suka zo biko, da abin da Baba ya faɗa musu a wannan zauren.