Godiya bayan dawowarmu daga Alabama

Alhamdu lillahi, jiya da daddare muka iso gida Atlanta lafiya, ni da Yaya da 'ya'yanta biyu, bayan kwana uku a ƙananan garuruwan jihar Alabama ta Amurka. Duk wanda ya bugo waya ko ya turo saƙo da ya ji mota ta tsaya mana a hanya, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

A Monroeville muka fara yada zango, garin marubuciya Harper Lee. Tsohuwar kotun garin da aka gina a 1903 yanzu gidan tarihi ce. Wata dattijuwa mai kula da baƙi ta hau da mu bene, ta nuna wa yaran inda Harper Lee kan zauna tana ƙarama tana kallon mahaifinta lauya a gaban alƙali. Da azahar ta yi, ita da kanta ta samo mana wurin da za mu yi salla. Mun gode, Baba.

Amma inda zuciyata ta tsaya shi ne Gee's Bend. Ƙauye ne na baƙaƙen fata, kogin Alabama ya kewaye shi ta gefe uku, da yawansu jikokin bayin da aka sa noman auduga a wurin ne. Daga Camden muka shiga jirgin fito muka haye. Wannan jirgin aka tsayar a 1962, lokacin da mutanen ƙauyen suka fara hayewa don yin rajistar zaɓe, bai dawo aiki ba sai 2006. Shekara 44 kenan. Alfadaran ƙauyen nan ne kuma suka ja keken da ya ɗauki gawar Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙaƙen fata, a 1968.

Matan garin sun karɓe mu hannu bibbiyu. Barguna suke ɗinkawa da hannu daga tsofaffin wandunan aiki da buhunan gari da duk ƙyallen da ya rage, tun asali don maganin sanyi. A 2002 aka baje su a gidan zane na Houston, a 2006 aka buga hotonsu a kan sarkin aika wasiƙa na Amurka, amma hannun da ke ɗinkin bai canza ba. Wata tsohuwa ta zaunar da 'yar Yaya kusa da ita, ta zura mata zare a allura, ta riƙe mata yatsa har ta yi layi guda. A bargon akwai gwiwar wando da ta koɗe har ta yi fari, ta ce na mijinta ne marigayi. Nan take na tuna Inna, wadda ba ta taɓa yar da tsumma ba, sai hawaye. Duk mai zuwa, don Allah ya saya a hannun matan da kansu.

A hanyar dawowa, gab da magariba, taya ta fashe mana a inda waya ba ta da sabis, ga yara. Wani dattijo a tsohuwar a-kori-kura ya tsaya, ya durƙusa a kan tsakuwa ya canza mana, sannan ya bi mu a baya har gidan mai. Yaya ta miƙa masa kuɗi, ya girgiza kai, ya ce wa yaran su gaishe da gida. Ko sunansa ba mu tambaya ba saboda ruɗewa. Bawan Allah, duk inda kake, Allah ya kai maka ɗauki a ranar da kake nema.