Gajere ya fara tuƙa

Laraba. Ba wuta tun jiya. Sadiku ya sake ɓatar da hularsa.

Da safe muka ɗan taɓa da Inna a kan Gajere. Ta same ni durƙushe ina ba shi madara a fida, ya ɗaga kai yana kaɗa jela, kumfa na bin gefen bakinsa. Ta ce, "Ke dai akwai neman wahala. Zuba masa a kwano, ki watsa masa harawa. Ɗan akuya ne fa, ba jariri ba."

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, kwanansa 24 kacal." Na maimaita mata abin da malamin dabbobi ya gaya mini, cewa cikin nasa huɗu ne, amma yanzu na huɗun ne ke yin aikin, tumbin bai riga ya buɗe ba. In yana tsotso, akwai wata hanya da ke rufuwa kamar bututu, madarar ta tsallake tumbi ta wuce can. In kuwa ya kwankwaɗa a kwano da haɗama, sai wata ta faɗa tumbin, ta yi tsami, ciki ya kumbura.

Ta kalle ni ta ce, "Shekara 40 ina kiwo, ban taɓa ƙirga cikin akuya ba." Ta yi gaba abinta.

Abin da ya tsaya mini a rai, tana da tata gaskiyar. Madara kaɗai ba ta raya tumbi, sai yana ɗan tsintar dussa da harawa, ga ruwa a kusa, kafin a yaye shi wajen wata 2. Ban faɗa mata ba. Na dai zuba masa dussar tafin hannu ɗaya bayan ta shiga ɗaki.

Rana: wanki, tuwo, ciwon kai.

Gab da magariba Ummi ta rugo, "Mama, Gajere yana cin cingam!" Na leƙa. Yana kwance gindin darbejiya, ido a lumshe, muƙamuƙi na juyawa a hankali. Ya haɗiye, ya dakata, wani abu ya hauro ta maƙoshi, ya ci gaba. Na yi ta dariya.

Sai kuma na tuna nan uwarsa take kwanciya ta yi irin wannan tuƙar, kafin ta daina ci ta rame. Ranar da mahauci ya farke tumbinta, dunƙulen leda ya ciro, ya kai ƙwarya.

Da fitilar waya na zagaye tsakar gida ina tsintar ledar fiya wata. 11 na samu.