Sana'ar kai baƙi kallon tashar jiragen ruwa

Ƙaramin kamfani gare ni, aikinmu shirya wa mutane yawon buɗe ido a biranen da ke da manyan tashoshin jiragen ruwa. Ba mu da yawa: ni, da mai kula da tikiti da lissafi, sai 'yan jagora da muke ɗauka a kowane gari gwargwadon buƙata. Otal da mota kowa na iya kama wa baƙo. Abin da ake biyanmu dominsa shi ne sanin inda tashar take, da lokacin da za a same ta tana aiki.

Galibin baƙi suna zuwa ne da tunanin cewa da sun isa bakin ruwa a tsakiyar gari za su tarar ana sauke kaya daga manyan jirage. A da haka abin yake. Jirgi yakan yi kwanaki, wani lokaci makonni, 'yan dako suna fito da buhuna da ganguna ɗaya bayan ɗaya, gari kuma ya kewaye tashar. A 1956 wani mai motocin dakon kaya a Amurka, Malcom McLean, ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston, daga nan al'amura suka sauya. Kwantena na buƙatar fili mai faɗi da ruwa mai zurfi, tsofaffin tashoshi kuwa ba su da ko ɗaya. Sai aikin ya yi ƙaura. Tsofaffin tashoshin Landan sun rufe, inda yanzu dogayen ofisoshin Canary Wharf suke. Shanghai, wadda tun 2010 ta fi kowace tasha a duniya yawan kwantena, ta gina sashenta na Yangshan a kan tsibirai, sai an bi gada mai tsawon fiye da kilomita 30 kafin a kai. Tashar Rotterdam ta miƙe kusan kilomita 40 daga gari zuwa bakin teku. Wanda ya tsaya a tsohon bakin ruwa zai ga gidajen tarihi da kantuna, ya koma gida bai ga tasha ba.

Ga kuma shinge. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, aka kafa dokar tsaron tashoshi ta duniya mai suna ISPS, ta fara aiki ranar 1 ga Yuli 2004. Tun daga lokacin, ba a shiga wurin lodi sai da izini a rubuce. Duk ɗan jagorar da ya ce maka ya san wani a bakin ƙofa, ka raba hanya da shi. Ni ba na ɗaukar irinsu aiki, domin ran da aka tsare baƙo da kyamara a inda aka hana, sunan kamfanina ne zai ɓaci, shi kuma baƙon ya kwana yana amsa tambayoyi.

Saboda haka ta kan ruwa muke nuna tasha. A nan nakan gaya wa baƙi wata gaskiya da ba ta kawo mini ko sisi: sau da yawa jirgin fito na mutanen gari ya wadatar. A Hamburg jirgin fito mai lamba 62 yana tashi daga Landungsbrücken ya bi kogin Elbe, da tikitin da ake shiga jirgin ƙasa da bas, kuma daga kansa ana hango injinan ɗaga kwantena. A Istanbul, wanda ya tsallaka daga Eminönü zuwa Kadıköy zai ratsa hanyar manyan jiragen da ke shiga mashigin Bosphorus. Haka Star Ferry a Hong Kong, da ya haura shekara 100 yana fito da mutane. Sai in baƙi na son matsawa kusa da wurin lodi ne muke yin shatar ƙaramin jirgi, bayan na ga lasisinsa, da inshorarsa, da rigunan kariya daidai da yawan mutane.

Mafi wahalar aikin shi ne lokaci, domin teku ba ta bin agogon ofis. A yawancin gaɓoɓi ruwa yakan cika sau biyu ya janye sau biyu a rana, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Jadawalin makon jiya ba ya aiki a wannan mako. Hamburg na da nisan kusan kilomita 100 daga teku, amma duk da haka tsakanin cika da janyewa ruwan yakan bambanta da fiye da mita 3. Tsofaffin rumbunan ajiya na Speicherstadt da ke birnin, waɗanda hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2015, suna kan ƙananan magudanai ne, in ruwa ya yi ƙasa jirgi ba ya shiga. Don haka kafin in buɗe taswirar gari, jadawalin cikar ruwa nake fara dubawa, in ɗora sauran shirin a kansa.

Iska ma tana da nata hukuncin. A Cape Town akan soke jiragen da ke zuwa tsibirin Robben, inda aka tsare Nelson Mandela, idan teku ta tashi. Shi ya sa nake sa fita kan ruwa a ranar farko, in an fasa akwai gobe. A nan ne ƙaramin kamfani ke ci ko ya faɗi, domin mun riga mun ba mai jirgi kafin alƙalami, baƙo kuma yana da haƙƙin a mayar masa da kuɗinsa. Ba na kama jirgi sai an rubuta wanda zai ɗauki asarar ranar da yanayi ya hana fita. Nakan kuma duba ranakun da manyan jiragen shaƙatawa za su iso, tun da guda ɗaya na iya zuba dubban mutane cikin tsohon gari a safiya ɗaya. Venice ma sai da aka hana irin waɗannan jirage bi ta tsakiyarta a 2021. A irin wannan rana mukan bar tsohon gari sai la'asar.

Abin da na fi so baƙo ya gani ba ya cikin takardun talla. Babban jirgi ba ya shiga tasha shi kaɗai. Ƙaramin jirgi ne zai kai masa matuƙin da ya san ruwan wurin, ya hau ta tsanin igiya jirgin na tafiya, sannan ƙananan jirage masu ƙarfi su zo su ja, su tura, har su jingina shi. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, in aka auna da yawa, ta teku suke bi, kuma kusan duk sai sun ratsa hannun waɗannan mutane. Shi ya sa in zan ɗauki ɗan jagora nake fara neman tsohon ma'aikacin tasha da ya yi ritaya. Shi ne zai dubi yadda jirgi ya nutse a ruwa ya ce maka cike yake ko fanko, ya dubi tutar da ke bayansa ya faɗa maka ƙasar da aka yi masa rajista. Maganar tarihi da tsara bayani mu za mu koya masa cikin 'yan makonni kafin ya fara fita da baƙi.