Takalmin da ya ƙi sakin ƙafata a Tafkin Jabi

Wata uku cur na yi ban shiga ruwa ba, kuma abin da ya jawo mini shi ne igiyar takalmin wasan zamiya a kan ruwa, wadda tsawonta bai kai kamu biyu ba. Abokai da dama sun tambaye ni yadda aka yi, wasu kuma suna shirin yin odar nasu takalmin daga waje, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta komai sau ɗaya.

Ga wanda bai san wasan ba, jirgin ruwa mai inji ne ke jan mutum da igiya yana tsaye a kan allo, yana zamiya a saman ruwa. Wani matashi Ba'amurke, Ralph Samuelson, shi ya fara yinsa a 1922 a Tafkin Pepin da ke jihar Minnesota. Irin wanda nake yi shi ake kira silalom: allo ɗaya tak, ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a bayanta. A gasa, mutum yana kewaya ƙwallaye 6 da ke iyo, uku dama uku hagu, jirgin yana gudun da ya kai kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata, ana kuma rage tsawon igiyar duk lokacin da ya gama zagaye, daga mita 18.25 zuwa 16, zuwa 14.25, haka dai. Ni ban kai nan ba. A Legas na koya lokacin bautar ƙasa, yanzu kuma ranar Asabar da sassafe nake yi a Tafkin Jabi da ke Abuja tare da ƙanena, a gudun kilomita 49, wani lokaci 52 idan ruwa ya kwanta. Amma ko a haka, idan ka kwanto daga gefe za ka tsallaka kumfar da jirgi ya bari, gudunka ya fi na jirgin nesa ba kusa ba. A wannan gudun ruwa ba shi da laushi.

Takalmin wasan a jikin allon yake manne. Wanda nake amfani da shi a da mai igiya ne, kuma igiyar kashi biyu ce. Ta ƙasa, wadda ke kan tafin ƙafa, ba ta miƙewa. Ta sama, wadda ke zagaye idon sawu, ta roba ce mai talewa. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina dalilin wannan bambanci ba. Da zafin watan Maris ya cinye ta saman, domin a but ɗin mota nake barin allon mako guda, sai na kai wa wani mai gyaran takalmi a kusa da kasuwar Utako. Ya juya ta, ya ja, ya ce, "Yallaɓai, ai wannan ta mutu. Bari in sa maka wadda ba ta tsinkewa." Ya zura mini igiyar nailan mai kauri, ya ƙone bakinta da ashana don kada ta warware. Aikinsa ya yi kyau, kuma ba ni da abin da zan ce da shi, don abin da ya sani game da takalmi shi ne ya riƙe ƙafa. Ni ne ya kamata in san cewa wannan takalmin aikinsa biyu ne.

Asabar biyu na ji daɗin da ban taɓa ji ba. Da na motsa ƙwaurina sai allon ya bi, ba jinkiri. A ta uku, ina tsakiyar tsallaka kumfa sai nauyina ya rinjaya gaba, hancin allon ya nutse, allon ya tsaya cak, ni kuwa jikina bai tsaya ba. Ƙafar dama da ke baya ta zare daga madaukinta nan take, kamar yadda aka tsara. Ta hagu ta ƙi fita. Allon ya juya da ita, na ji wani ƙas a cikin ruwa tun kafin zafin ya iso. Ƙanena da ke zaune a jirgi yana kallona ya daka wa direba tsawa ya juyo, yana ta kira, "Yaya! Yaya, ɗaga hannu in kana lafiya!" Na ɗaga, amma sai da ya yi tsalle ya shigo ruwan ya kwance igiyar da hannunsa kafin ƙafar ta fito.

Hoton ƙashi ya nuna tsagewa a ƙaramin ƙashin idon sawu, jijiya kuma ta yage. Mako shida a filasta. Likitan ya ce in gode wa Allah da agara ba ta tsinke ba, don irin wannan faɗuwa ta gaba ita ce ke tsinka ta. Abin da ya fi damuna ba sandar dogarawa ba ce, sallah ce a kan kujera. Ko bayan an cire filastar, sai da na ƙara wata guda kafin in iya shimfiɗa ƙafar hagun in zauna a kanta a tahiya ba tare da na cije leɓe ba. Da Hajiya ta zo duba ni daga Zariya, kallon ƙafar kawai ta yi ta ce, "Ruwa ba sa'an kwando ba ne." Ba ta hana ni komawa ba, amma ta sa na yi mata alkawarin zan san abin da nake ɗaura wa ƙafata.

To, kwanciyar ta ba ni lokacin bincike. Takalman silalom iri uku ne, kuma babban abin da ya raba su shi ne yadda kowanne ke sakin mutum. Na roba zalla, irin wanda kamfanin Wiley na Seattle ya daɗe yana yi, sai ka shafa ruwan sabulu kafin ƙafa ta shige, idan ka faɗi kuma robar ta miƙe ƙafar ta zame. Mai igiya, irin nawa, igiyar roba ta sama ce ke buɗewa ta ba diddige hanya, wani lokaci ƙafar ta fito tare da soson da ke ciki. Wato da na musanya ta da nailan, ƙofar fita na toshe da hannuna. Na uku shi ne mai tauri kamar ƙoƙo, wanda ƙafa ba ta fita daga cikinsa sam, sai dai takalmin gaba ɗaya ya rabu da allon. Na Reflex, kamfanin Faransa, yana da wani maƙalli mai sifirin a bayan diddige da ke ɓallewa idan ƙarfi ya wuce kima. Kamfanin Goode kuma sun yi suna da faranti ɗaya mai ɗauke da ƙafafu biyu, manne da allo da wani kaset mai haƙora na kamfanin 3M, don ƙafafun su tashi tare. Hikimar ke nan: ko duka biyu su zauna, ko duka biyu su fita. Ɗaya a ciki ɗaya a waje, allo yana juyi, nan ne ƙashi ke karyewa.

Na yi sha'awar mai taurin ƙwarai, don manyan 'yan wasa da yawa shi suke sawa. Amma na haƙura, kuma ina ganin duk wanda ke wasa a Abuja ya yi tunani sau biyu. Maƙallin nan sai an saita shi daidai da nauyin mutum, sai ana duba shi kullum. Ya yi sako-sako, ya sake ka a tsakiyar gudu ba gaira ba dalili, wannan ma faɗuwa ce mai muni. Ya yi tsauri, ka koma gidan jiya. A inda ake da kulob da masu horarwa, akwai wanda zai duba maka. Ni a bakin Jabi daga ni sai ƙanena da sukudireba. Idan wani ɗan ƙarfe ya karye kuma, sai ka jira mai zuwa daga Amurka ko Turai.

Na roba na saya a gaba, da madaukin yatsu a baya. Ba shi da ƙyalƙyali, yana da ɗan nauyi, allon kuma ba ya amsa mini da sauri kamar lokacin igiyar nailan. Na yarda da wannan ragi. Abin da ya ƙara ja na shi ne kowane yanki na robar noti ne ya riƙe shi, ana iya kwancewa a sa sabo, don haka na haɗa da robar canji a cikin odar.

Maganar awo kuwa, a nan mutanenmu suka fi yin asara, don ba shagon da za ka shiga ka gwada. Mu mun saba da lamba 42, 43, 44, su kuma yawanci da lambar Amurka suke rubutawa, wasu ma ƙarami, matsakaici da babba kawai. Kada ka yi lissafi da ka. Taka farar takarda da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a zana maka, ka auna tsawo da faɗi da santimita, ka aika wa mai sayarwa. Wanda ya tashi da silifa da takalmi sau-ciki, sau da yawa ƙafarsa tana da faɗi a gaba, kuma tsawo kaɗai ba ya nuna wannan. Ka kuma faɗa musu wace ƙafa ce a gaba, don da yawa daga cikin takalman akwai na hagu akwai na dama. Idan ya iso, a jiƙe za ka gwada. Diddige ya zauna daram kada ya riƙa ɗagawa, yatsu kuma su iya motsi. Idan cikin minti goma ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ya matse da yawa, kuma wanda ba ya jin ƙafarsa ba ya jin allonsa. Aro ma na daina bayarwa. Ƙafar ƙanena ta fi tawa da lamba biyu, in ya sa sau uku robar ta buɗe ke nan.

Ƙarko a garin nan rana ce ke yanke hukuncinsa, sai hunturu da ke busar da roba har ta riƙa tsattsagewa. Yanzu da na fito sai in ɗauraye sabulun da ruwa mai kyau, in shanya a inuwa, in shigar da shi ɗaki. But ɗin mota ya haramta gare shi. Kafin in shiga ruwa kuma ina bin notunan farantin ɗaya bayan ɗaya da sukudireba, don girgiza tana kwance su a hankali, in kuma tale robar da yatsa in duba ko ta fara tsagewa ta wajen diddige.

Sai gwajin da na mayar wajibi. A bakin ruwa, bayan na sa takalmin na wanke sabulun, ƙanena yakan taka bayan allon da ƙafarsa, ni kuma in dafa kafaɗar direba in tura gwiwata gaba in fizgi diddige sama da ƙarfi. Dole ƙafar ta fito, da ƙyar amma ba tare da ciwo ba. Ranar farko direban ya tsaya yana kallonmu ya ce, "Oga, ka sa kuma kana cirewa?" Na ce masa wannan cirewar ita na biya wa kuɗi.

Asabar ɗin da ta wuce na sake yin irin waccan faɗuwar, kusan a wuri ɗaya, ta ɓangaren da ake hango Jabi Lake Mall. Hancin allo ya nutse, na wuntsila gaba, ruwa ya shiga mini hanci. Da na ɗago kai sai na hangi allon can yana iyo shi kaɗai, kamar taku goma daga inda nake, ƙafafuna biyu kuma suna motsi a ƙarƙashina. Ƙanena ya riga ya miƙe zai yi tsalle. Na ɗaga masa hannu biyu, na ce su zagayo da igiyar.